Babi na Bakwai: Inda Mai Ziyara Ke Kwana

Wanda ya tashi daga Sabon Birni ya nufi Sakkwato, ta gefen kaburburan manya zai yi ta ratsawa har ya isa. Ba nisa da garin akwai kufan Alƙalawa, inda sarakunan Gobir suka zauna har birnin ya faɗi a 1808. In ya wuce Goronyo ya ratse Wurno, a nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837. In ya shiga birnin Sakkwato sai Hubbare, makwancin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da 'yarsa Nana Asma'u, da sarakunan Musulmi na baya-bayan nan irin su Abubakar na Uku da Maccido. Mutumin Isa ma yana da nasa a kusa. Katuru ce, cikin ƙasar Shinkafi, inda ajali ya riski Sarkin Musulmi Abubakar Atiku a 1842 yana dawowa daga yaƙin Tsibiri, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Katuru.

An cika littattafai da labarin waɗanda ke cikin waɗannan kaburbura. Masu zuwa gaishe su kuwa ba a cika waiwayarsu ba, alhali shekara 200 da ɗoriya ke nan ƙafarsu ba ta yanke ba. Manomi ne da ya gama kai amfani gida, tsohuwa ce da ta yi alkawarin in jikanta ya tashi daga ciwo za ta je ta yi addu'a, malami ne da almajiransa. Mafi yawan waɗannan shekaru babu otal ko ɗaya a hanyar. Da otal ya zo ma, ba irinsu aka gina wa ba: kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihunsu, kuma dattijuwar ƙauye ba za ta so a ji labari a garinsu cewa ta kwana otal ba. A gidajen mutane suka kwana, kuma a nan mafi yawansu ke kwana har gobe.

Abin yana da tsari, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta shi. Baƙo ba ya faɗa wa gidan da ya ga dama. Kusan kowane gari yana da gidansa a birni, gidan da kakanni suka saba sauka, ko don malamin gidan ya taɓa karantar da wani ɗan garin, ko don an taɓa aure tsakani, ko don maigidan asalinsa can ne. Ayari kan iso da la'asar sakaliya, ƙura har gira. Babban cikinsu ya tsaya bakin zaure ya yi sallama.

"Maraba, lale. Daga ina?"

"Daga Gatawa muke, Malam."

"Wa yat turo ku?"

"Liman yat turo mu. Ya ce nan mahaifinai yas saba sabka."

Da zarar an ambaci sunan da maigida ya sani, magana ta ƙare. Yaro ya ruga ya ɗauko tabarmi, a kawo ruwa a kwanon sha, fura ta biyo baya. Maza su baje a zaure ko shigifa. Mata kuwa a ce musu su shige ciki, uwargida ta tarbe su da "Sannunku da hanya, Inna, kun sha rana," ta janye kayan wani ɗaki ko ta haɗa su da nata 'ya'yan. Sai bayan an huta an yi magariba baƙi ke kwance ƙullin da suka zo da shi: tiyar shinkafa, damin albasa ko tafarnuwa, ɗan ƙoƙon man shanu, daddawa, wani lokaci kaza an ɗaure mata ƙafa. Ba wanda zai kira wannan kuɗin ɗaki, wanda ya kira shi haka ya yi zagi. Tsaraba ce. Amma kowa ya san zuwa hannu rabbana abin kunya ne ga mai hali, kamar yadda kowa ya san ba a ƙirga wa marar hali loma. Kwana uku haƙƙin baƙo ne a addini, kuma mai ziyara ba kasafai yake wuce su ba. Ran tafiya maigida ya raka su bakin titi, ya sa wa tsofaffi ɗan abin shan ruwa a hannu, su kuma su yi ta zuba masa addu'a da shi da zuriyarsa. Wata rana ɗan maigidan zai je sayen hatsi ko dabba kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ya san inda zai kwana.

Mata ne suka fi raya wannan al'ada, kuma a nan Gobir take da hannu a ciki fiye da yadda ake zato. A zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, mata daga ƙauyuka kan taso ƙungiya-ƙungiya da rani su zo wurinta ɗaukar karatu. Su ake kira 'Yan Taru. Tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, don matan aure masu goyo ba su da halin doguwar tafiya. Kowace ƙungiya tana da jaji, mace mai hankali da ilimi, wadda ke jan su a hanya, ta raba rigima, ta san rijiyar da za a tsaya da gidan da za a kwana. Nana kan naɗa jaji da malfa da jan rawani. Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a Sakkwato tana bin diddigin tarihin Nana, ta nuna cewa malfar nan alamar Innar Gobir ce, wato sarauniyar mata a fadar Gobir, mai riƙe da al'amarin bori. Nana ba ta jefar da malfar ba. Ta ɗora ta a kan malama, don matan Gobir da na Zamfara su ga abin da idonsu ya saba girmamawa, su bi shi zuwa ga karatu.

A duba abin da wannan tafiya ke bukata. Mata 20 ko 30, a ƙafa, ɗauke da kaya a ka, kwana da kwanaki. Kowane zango sai an sami gidan da zai buɗe musu ƙofa, da macen da za ta hura wuta ta ɗora babbar tukunya don mutanen da ba ta haifa ba. In sun isa, gidan malamar ne masaukinsu, a nan za su ci, su kwana, su hardace waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fillanci, su koma su koyar. Bayan rasuwar Nana ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar su, kuma Jean Boyd ta tarar da jajoji suna kawo mata Hubbare fiye da shekara 100 bayan haka. Ana yaba wa Nana da kafa makarantar mata marar gini, kuma ta cancanci yabon. Ni dai ina ganin rabin ladan na matan da suka yi ta tuƙa tuwo a zangon hanya ne, waɗanda ba wanda ya adana sunansu.

Akwai abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Bagobiri mai zuwa Hubbare jikan mutanen da aka ci da yaƙi ne. Kakanninsa sun bar Alƙalawa tana hayaƙi, an sake karya su a Gawakuke a 1836, wasu suka bi Sarkin Gobir Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka bi Ɗan Halima suka kafa Sabon Birni a wajajen shekarun 1860. Ciwon nan bai gama warkewa ba, duk wanda ya zauna da dattawan Gobir ya san haka. Amma Shehu ɗin ma a ƙasar Gobir aka haife shi, a Marata, a 1754, a Dagel ya yi zaman karantarwa, kuma Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya girmama shi a filin idin Magami ya amsa masa buƙatunsa. Don haka Bagobiri yana iya tsayawa a Alƙalawa ya yi wa kakanninsa addu'a, ya wuce Sakkwato ya yi wa Shehu, zuciyarsa ba ta rabu biyu ba. Sulhun da sarakuna suka ƙulla da takarda da rantsuwa sau nawa yana warwarewa. Wanda ya zauna daram shi ne na zaure, inda Bagobiri da Bafillace da Bazamfare suka sa hannu a akushi ɗaya shekara bayan shekara har suka zama surukan juna.

To ina kuɗi a cikin wannan duka? Bahaushe bai taɓa jin kunyar cin abinci da saukar baƙi ba. Fatoma a Kano sana'arsa ke nan. A zangon Hausawa na Kumasi da Sabon Ibadan, maigida kan sauki fatake masu goro da shanu, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a ciniki. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi sukutum a kan Hausawan Sabon Ibadan da masu gidajensu a 1969. Sai dai maigidan fatake ba a kan ɗaki yake samu ba, a kan la'ada yake samu in an sayar da kaya. Mai ziyara kuwa ba shi da kayan sayarwa. Shi ya sa aka sami layi biyu: baƙon kasuwa ana samu da shi, baƙon Allah ana neman lada da shi. Gida ɗaya kan yi duka biyun, ribar wancan ta ɗauki nauyin wannan.

Wannan layi ne yake gogewa a zamaninmu, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. A Ayodhya ta Indiya, inda aka buɗe babban ɗakin bautar Hindu a watan Janairun 2024 a filin masallacin Babri da aka rushe a 1992, baƙi sun yi wa otal-otal yawa, hukuma ta shiga yi wa gidajen mutane rajista ɗari-ɗari don su riƙa saukar masu ziyara da kuɗi. Mutum ya gyara ɗaki biyu a gidansa, ya sa hotonsu a intanet, baƙo ya zaɓa ya biya tun bai baro garinsu ba. A Makka an daɗe da haka: mai gida ya nemi izinin hukuma ya ba da gidansa haya ga alhazai lokacin aikin Hajji, ya samu abin da zai ci har shekara ta zagayo. A wani gefen kuma akwai garuruwan da suka ƙi. A Tuba ta Senegal, ran 18 ga Safar, miliyoyin Muridai kan taru don tunawa da Shehu Ahmadu Bamba, kuma gidajen garin ke ɗauke su su ciyar da su kyauta, har ana gasar wanda ya fi yanka. Haka mutanen Iraƙi ke yi wa masu tattaki daga Najaf zuwa Karbala, har su tare hanya suna roƙon baƙo ya zo ya kwana gidansu.

Mutanenmu sun ga duka biyun da idonsu. 'Yan Tijjaniyya daga Sakkwato da Zamfara da Maraɗi kan cika motoci su tafi Maulidi Kiyota cikin jihar Doso, garin Shehu Abubakar Hashim, ko su yi doguwar tafiya har Madina Baye ta Kaulaha, inda kabarin Shehu Ibrahim Inyass yake tun 1975. A irin wannan taro gari kan cika ya batse. Wanda ke da muƙaddami mai hanya ya sami gidan da za a sauke shi don Allah, masu hali su haɗa kuɗi su kama gida, sauran su shimfiɗa tabarma a makaranta ko harabar masallaci. Sun dawo gida sun san cewa ana iya biyan kuɗin ɗaki a garin waliyyi ba tare da albarka ta gudu ba.

A nan gida abubuwa da yawa ne suka taru suka matse tsohon zaure. Mota ta sa ayarin da ke zuwa mutum 10 ya koma bas biyu. Ginin zamani ba ya barin zaure, inda zaure yake an fasa ƙofa ta waje an mai da shi shago. Gidan gado da ke da fili an raba shi tsakanin magada, kowa ya ja katanga. Magidanta da yawa a birni su ma haya suke, mai haya kuwa ba ya gayyato mutum 15. Ga tsadar abinci, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Maigidan da mahaifinsa ke ciyar da ayari daga rumbu, shi da mudu yake awo. Waya kuma ta sauya sallamar kanta. Yanzu jagoran tafiya kan bugo tun daga gida, ya faɗi yawan mutanensa, sau da yawa ya turo kuɗin cefane ta banki kafin su taso. Daga kuɗin cefane zuwa kuɗin ɗaki taki ɗaya ne.

Ban ga laifi ga wanda ya yi takin ba. Bazawarar da mijinta ya mutu ya bar mata marayu da ɗaki biyu kusa da wurin ziyara, in ta share su ta shimfiɗa leda ta ajiye randa da buta, ta karɓi abin da aka yi yarjejeniya, ta ci halas, kuma ta fi otal dacewa da tsohuwar da ta zo daga Isa. Za ta dama mata kunu da asuba, ta haɗa ta da yarinyar da za ta kai ta Hubbare ta dawo da ita, ta san irin tuwon da haƙoranta za su iya. Kuɗin kuma cikin unguwa zai tsaya, wurin mai ƙosai da mai itace da ɗan garuwa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a wayi gari babu sauran ƙofar da marar ko sisi zai ƙwanƙwasa. Ziyara a ƙasar nan ibadar talakawa ce tun asali. Mai kuɗi yana da Umra.

Na san akwai masu ganin ziyarar kanta ba ta da wuri a addini in ta wuce sallama da addu'a ga mamaci. Tun kafuwar Izala a 1978 ake wannan muhawara, ta raba masallatai, ta raba gidaje, kuma ta rufe wasu zaurukan da 'ya'yan gida suka ce ba za su ƙara saukar masu zuwa kabari ba. Shehu da kansa ya yi gargaɗi a kan shafar kabari don neman tabarruki. Malamai su ci gaba da tattaunawa. Amma tsohuwar da ta riga ta iso gari da magariba, ko me ya kawo ta, haƙƙinta na baƙunta bai faɗi ba.

Duk wannan sauyi ne na sannu a hankali. Wanda ya zo da ƙarfi ya girgiza komai shi ne tsoro. Shekarun nan Isa da Sabon Birni na cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a duk Nijeriya. A watan Disambar 2021 aka tare motar matafiya da ta taso daga yankin Sabon Birni aka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka mutu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi cikin watan Agusta. In hanya ta ci sarki, wace jaji ce za ta jawo tsofaffi da 'yan mata ta bi ta? Hanyar Isa ta dajin Gundumi ta daɗe da zama abin fargaba. Iyakar Nijar, wadda Gobirawa ba su taɓa ɗauka a bakin komai ba tun da dangi na kowane gefe, an rufe ta a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 2023.

Ɓarnar ba a hanya kaɗai ta tsaya ba, ta shiga zaure. Yau baƙon fuska abin tuhuma ne, ana tsoron kada ya zama infoma mai leƙa wa ɓarayin daji asirin gari. Tambayar nan ta "wa yat turo ku," wadda a da gaisuwa ce kawai, yanzu bincike ce ta gaske, sai an buga waya an tabbatar. Mutanen da aka yi wa tarbiyya da cewa baƙonka annabinka sun koma suna leƙe ta kafar ƙyaure kafin su amsa sallama, kuma ba wanda zai zarge su.

Amma a wannan lokacin ne kuma al'adar ta ɗauki kaya mafi nauyi a tarihinta. Daga 2019 dubban mutane daga gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji. Kafin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya matsugunai irin na Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, mutanen ƙauyuka ne suka sauke su a gidajensu. Manoma ne da su kansu ba kowace shekara hatsinsu ke kai su damina ba. Suka raba ɗaki, suka raba rumbu, ba na kwana uku ba, na watanni, wasu na shekaru. Haka abin yake cikin garin Isa da Sabon Birni, inda mutanen ƙauye kan shigo kwana da yamma su koma gona da safe, haka kuma a birnin Sakkwato. Gidan da ya saba saukar mutanen wani gari in sun zo ziyara, shi suka fara tunawa ran da suka gudo ba takalmi. Hanyar da ƙafa ta saba bi don ziyara ita ta bi don tsira.

Saboda haka in ana maganar bunƙasa masaukin gida a garuruwan ziyara na ƙasar Sakkwato, kada a fara da kwaikwayon Indiya, a fara da abin da ke hannu. Masu unguwa a kewayen Hubbare da Wurno sun san kowane gida da mai shi. Ba abu ne mai wuya ba su riƙe sunayen gidajen da ke karɓar baƙi, na kuɗi da na sadaka, da yawan mutanen da kowanne zai iya ɗauka, ta yadda liman ko jaji zai bugo waya tun daga ƙauye a ce masa ga inda za su sauka. Wannan zai kwantar da hankalin mai gida da na baƙo gaba ɗaya, don kowa yana da wanda ya tsaya masa. Mai karɓar kuɗi ya faɗi farashinsa tun kafin a kwance kaya, kada a bari sai ran tafiya a tsare tsohuwa da lissafi. A ware gidajen da mata ke riƙe da su don mata. Jihar Sakkwato kuma tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana, maimakon ƙara masallaci na huɗu a layin da ke da uku, yana iya sayen gida kusa da wurin ziyara ya yi waƙafinsa don baƙi, ko ya ɗauki nauyin hatsin gidajen da har yanzu ke saukar mutane kyauta.

Abin da ya fi gaggawa ma ƙarami ne a ido. Gidan da aka gina don mutum 12, in ya kwana da 40, ba wurin shimfiɗa ke fara gazawa ba, ana iya kwana tsakar gida. Ban ɗaki ne da ruwa. Masai ɗaya, layi tun kafin kiran assalatu, ga tsofaffi masu ciwon ƙafa, ga zafin bazarar Sakkwato da kan haura digiri 40, ga amai da gudawa da kan ɓulla da damina. Uwargida ce ke sayen ruwa jarka-jarka daga ɗan garuwa, ita ke wanke wurin bayan kowa ya fita, kuma ba a taɓa tambayarta nawa ta kashe ba. Duk wanda ke son taimaka wa masu saukar baƙi, hukuma ce ko mai hali, ya fara da haƙa musu masai na biyu da kafa musu tankin ruwa.